Nukiliyar Iran: alƙawarin da ke mutuwa ranar zaɓe

A watan Maris na 2015, wakilan Amurka da na Iran suna kwana suna tashi a teburin sulhu, sai sanatoci 47 na jam'iyyar Rifablikan, Tom Cotton a kan gaba, suka aika wa shugabannin Iran buɗaɗɗiyar wasiƙa. Saƙon a taƙaice shi ne, duk abin da kuka ƙulla da Obama ba da yawun majalisa ba, wanda zai gaje shi yana iya soke shi da alƙalami a wuni ɗaya. A lokacin an ɗauki wasiƙar a matsayin rashin ta-ido irin na 'yan adawa. Ni kuwa har yau ban ga takardar da ta fi ta bayyana ciwon ba, domin ta nuna cewa ƙasar da ta fi kowa ƙarfi ta kai inda maganarta ba ta wuce wa'adin wanda ya furta ta.

Ranar 14 ga Yuli na shekarar aka kammala yarjejeniyar a birnin Vienna, tsakanin Iran da Amurka, Birtaniya, Faransa, Jamus, Rasha, Sin da Tarayyar Turai. Iran ta yarda ba za ta tace yuraniyom ya wuce kashi 3.67 cikin 100 ba, kuma ba za ta ajiye fiye da kilo 300 ba har shekara 15. Na'urorin tacewa kusan 19,000 da take da su aka rage su zuwa 6,000 da 'yan kai. Masu binciken hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, suka sami damar shiga da kafa kyamarori. Ladan Iran shi ne a ɗage mata takunkumi. Bam kuwa sai an tace yuraniyom ya kai wajen kashi 90, saboda haka tazarar ba ƙarama ba ce.

Trump ya yi yaƙin neman zaɓen 2016 yana kiran wannan yarjejeniya mafi muni da aka taɓa ƙullawa. Ranar 8 ga Mayu, 2018 ya fitar da Amurka daga cikinta, alhali IAEA ta sha tabbatar da cewa Iran tana cika nata ɓangaren. Iran ta yi haƙuri na shekara guda, daga 2019 ta fara karya sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. A watan Afrilun 2021 ta soma tacewa zuwa kashi 60. Kafin tsakiyar 2025 ta tara sama da kilo 400 na irin wannan, abin da a ƙarƙashin yarjejeniyar ko giram ɗaya ba a yarda ta mallaka ba. Duk wanda ya ce ficewar ta ƙara wa duniya tsaro, to waɗannan alƙaluma na binsa bashin amsa.

Masu suka suna da hujjojin da ban raina ba. Wasu sharuɗɗan suna da ranar ƙarewa, yarjejeniyar ba ta taɓa makamai masu linzami ba, kuma ba ta ce uffan kan ƙungiyoyin da Iran ke ɗaure wa gindi a Lebanon da Yemen da Iraƙi ba. Har a cikin jam'iyyar Dimokurat akwai sanatoci huɗu da suka ƙi ta, ciki har da Chuck Schumer. Amma mai rumbun da ke yoyo ta gefe guda yaɓe yake yi, ba ya cinna masa wuta don ya huce haushin wanda ya gina. Gyara yana buƙatar zama da abokin gaba wata da watanni, kuma ba a tafa wa ɗan takara a kan wannan. Rushewa kuwa jimla ɗaya ce a kan dandamali, taro ya ɗauki sowa.

Kada a ɗauka cutar ta jam'iyya ɗaya ce. A zaɓen 1960 Kennedy, ɗan Dimokurat, ya riƙa kururuwar cewa gwamnatin Eisenhower ta bari Tarayyar Sobiyet ta tsere wa Amurka a yawan makamai masu linzami. Da ya hau mulki sai ta bayyana Amurka ce ke gaba da nisa. Bayan shekara biyu, a rikicin Oktoban 1962 kan makaman nukiliyar da Sobiyet ta girke a Kyuba, ana saura makonni a yi zaɓen majalisa, abin da ya taimaka wajen kashe wutar shi ne alƙawarin da Kennedy ya yi wa shugaban Sobiyet Khrushchev na kwashe makaman Amurka daga Turkiyya. Sai da aka ɓoye wannan alƙawari shekaru masu yawa, don kada ƙawaye su ji an sayar da su, 'yan adawa kuma su ce shugaba ya yi raki. Wannan wuri ya fi ko'ina taɓa ni. Matakin hankalin da ya tsare rayukan miliyoyi sai a ɓoye aka iya ɗaukarsa, barazana kuwa a bainar jama'a ake yinta.

Haka aka yi da Koriya ta Arewa. Gwamnatin Clinton ta ƙulla yarjejeniya da ita a Oktoban 1994 cewa ta dakatar da shirinta na nukiliya a ba ta mai, makonni kaɗan bayan nan Rifablikan suka karɓe majalisa, kuɗin man da aka yi alƙawari ya riƙa zuwa a makare. Ita ma Koriya ba ta riƙe amana ba, ta buɗe wata hanyar neman bam a ɓoye. Komai ya wargaje a zamanin Bush, a 2006 ta gwada bam ɗinta na farko.

Za a ce ai dimokuraɗiyya ke nan, talaka yana da 'yancin sauya alƙiblar ƙasarsa. Haka ne. Sai dai Reagan ma zaɓe ya ci, kuma ya yi kamfe a 1980 yana caccakar yarjejeniyar taƙaita makamai da Carter ya sa wa hannu. Da ya shiga ofis bai yi watsi da iyakokinta ba sai a 1986, a 1987 kuma shi da shugaban Sobiyet Gorbachev suka ƙulla ta kawar da makamai masu cin matsakaicin zango, majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 93 da 5. Ya san bambancin abin da ake faɗa a filin taro da abin da ake yi da kan bam. Obama bai kai tasa gaban majalisar dattawa a matsayin cikakkiyar yarjejeniyar ƙasa ba, domin ya san ba zai sami ƙuri'a 67 ba. Ina fahimtar uzurinsa, amma gini ne a kan yashi, kuma shi ma ya sani. Da Biden ya zo da alƙawarin komawa, Iraniyawa suka nemi tabbacin cewa shugaba na gaba ba zai sake ficewa ba. Babu wanda ke iya ba su wannan tabbaci.

A Tehran ma akwai akwatin zaɓe, ko da an tace 'yan takara. Hassan Rouhani ya ci a 2013 da 2017 da alƙawarin cewa sulhu zai kawo sauƙin rayuwa. Ficewar Amurka ta miƙa wa masu tsattsauran ra'ayi hujjar da suka daɗe suna nema, cewa dama mun faɗa muku. A 2021 ɗaya daga cikinsu, Ebrahim Raisi, ya hau.

Mu nan ba 'yan kallo ba ne. A Oktoban 2002, ana dab da zaɓen majalisa, 'yan jam'iyyun biyu suka ba Bush izinin yaƙar Iraƙi, da yawansu don gudun a kira su matsorata. A Janairun 2003 ya tsaya gaban majalisa ya ce Saddam ya nemi yuraniyom daga Afirka. Nijar ake nufi. Tsohon jakadan Amurka Joseph Wilson ya riga ya je Yamai bai ga hujja ba, a watan Maris kuma IAEA ta ce takardun da aka kafa hujja da su jabu ne. Sunan maƙwabciyarmu aka ara aka kai mutane kabari. Sannan kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ta mashigin Hormuz yake bi, kuma tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023, duk girgizar da kasuwar ɗanyen mai ta yi, mai Keke Napep a Kano yana jin ta a gidan mai.

A watan Yunin 2025 Isra'ila ta kai wa Iran hari, Amurka ta bi baya ta jefa bama-bamai a cibiyoyin nukiliya na Fordo da Natanz da Isfahan. Nan take muhawara a Washington ta koma kan ko an ruguza komai ko ba a ruguza ba, kowace jam'iyya tana jan rahoton leƙen asiri zuwa nata ɓangaren. A 2017 masu binciken IAEA suna iya faɗa maka kilo nawa Iran ke da shi da ɗakin da yake ajiye. A farkon Yulin 2025 Iran ta dakatar da haɗin kai da hukumar, masu binciken suka tattara kayansu suka bar ƙasar, ba tare da sun sake ɗora ido kan kilo 400 ɗin nan ba.