Fitowar haƙori ba ta kawo zawo

A gidajenmu na Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, da zarar yaro ɗan shekara guda ya fara zawo, sai kakarsa ta duba bakinsa ta ce, "Haƙori ne, zai wuce." Wannan kuskure ne. Fitowar haƙori takan sa dasashi ƙaiƙayi, yawu ya yi ta dalala, amma ba ta kawo zawo ko zazzaɓi mai zafi. A daidai wannan lokaci ne yaro yake yawo a tsakar gida yana kai duk abin da ya tsinta baki, ko silifas ko murfin buta, ta nan ƙwayoyin cuta suke shiga cikinsa.

Haɗarin kuwa shi ne ƙarewar ruwan jiki, musamman a zafin watan Afrilu. A ci gaba da ba shi nono da kunu, a haɗa masa lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kurɓa kaɗan-kaɗan. Idan idanunsa suka faɗa, ko ya ƙi sha, ko aka ga jini a kashinsa, a kai shi asibiti nan take.