To, yanzu kuma rana ce ta sayo wa ɓarayin daji bindiga?

Na ga bidiyon, don Allah ku daina turo min shi, mutum na tara ke nan tun safe. Na ga babban mutum ya sha babbar riga, ga ruwan gora a gabansa, iyakwandishan na busa shi, yana yi wa Turawa bayani cewa sauyin yanayi ne ya hana mutanenmu kwana a gidajensu. Har da tafi aka yi masa. Ranka ya daɗe, sannu da ƙoƙari. Ashe duk shekarun nan da muke jera gawarwaki muna sallata, rana ce ke harbe su. Ashe hamada ce ke hawa babur, goyon uku-uku, ta shigo gari bayan isha'i. Fari ne kuma ke bugo waya ya ce a haɗo miliyan biyar da katin waya da buhun shinkafa.

Kada wani ya zo min nan da zancen na ƙaryata ilimi. Ni ɗan manomi ne. Bara sau uku muka yi shuka kafin gero ya tsaya. Rijiyar gidanmu da igiya gaba shida ke isa lokacin ina yaro, yau sai an ƙulla wata a kanta. Yanayi ya canza, makaho ma ya sani. Magana ɗaya nake yi: yanayi ba ya sayen bindiga.

Ku tambayi dattawanku farin 1973. Ku tambaye su na 1984, wanda mutanen Nijar ke kira El-Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar da Janar Buhari ya yi. Shanu sun mutu garke-garke, Buzaye da Fulanin da suka tashi ba ko akuya suka kwararo Kano da Katsina suna gadi da sayar da shayi. Yunwa ta kai yunwa. To a wannan shekarar makarantar wa aka kwashe? Amma a Disambar 2020 an kwashe yara sama da 300 a Ƙanƙara, a Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe, alhali daminar waɗannan shekarun ta fi ta 1984 nesa ba kusa ba. In fari ne ke haifar da ɗan bindiga, me ya hana shi haihuwa lokacin da ya fi ƙarfi?

Ni na san abin da ya canza, domin a bayan garinmu ya canza. Akwai burtali da ya ratsa ta yamma da gonarmu, faɗinsa ya isa garke ya wuce ba tare da saniya ta leƙa gonar kowa ba. Da kaka Fulani su sauka, a ba su kara su bar mana taki, Inna ta ba da gero a ba ta nono. Yau burtalin nan gonar wani mai kuɗi ce, an kewaye ta da waya, kuma ba iska ce ta sa hannu a takardar ba. Tun 1965 Arewa ke da dokar keɓe wuraren kiwo. Je ka nemi labin yanzu. Makiyayi ya rasa hanya, saniya ta faɗa gona, a kama shi, kowa ya yagi rabonsa har sai ya sayar da bijimi biyu a kan ɓarnar da ba ta kai dami uku ba. Manomin da aka cinye wa gona da gangan shi ma ya kai ƙara, a ce ya dawo gobe, goben da ba ta zuwa. Duka biyun suka gane babu mai raba su da gaskiya. Sai 'yan sa-kai, sai ramuwa, sai makaman da suka watsu bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, sai zinaren Zamfara. Nuna min gajimare a cikin wannan lissafin.

Na san za a jawo min tafkin Chadi, shi ne hoton da ba ya rasuwa a irin wannan taro. E, a 1963 ya kai murabba'in kilomita 25,000, kuma ya janye ƙwarai a shekarun 1970 da 1980. Me mutanen Baga da ke bakin tafkin suka yi? Suka bi ruwan, suka shuka masara da wake a inda ya janye, bandar kifinsu ta ci gaba da cika motoci zuwa Kudu. Boko Haram sai 2009, kuma a tsakiyar Maiduguri ta fashe, ba a bakin tafki ba. Yaƙi ne ya kashe kasuwar Baga. Haka aka yi da Darfur ta Sudan, Ban Ki-moon, shugaban Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya rubuta a 2007 cewa tushen rikicin har da matsalar muhalli. To, mun ji. Jiragen da suka yi wa ƙauyuka ruwan bama-bamai fa, su ma fari ne ya zuba musu mai?

Maraɗi ta fi Zamfara ƙarancin ruwa. A can da Damagaram manoma suka daina tumɓuke tohon gawo a gonakinsu, suka raine shi, har ana lissafin itatuwa kusan miliyan 200. Wani zai ce ai Madarunfa ta jihar Maraɗi ma ana satar mutane. Ana yi. Ka tambaya daga wane daji suke fitowa, sannan ka dawo mu yi magana.

Manyanmu sun so kalmar sauyin yanayin nan ne saboda ba ta da gida balle a kai mata sammaci. Ba a tsige sauyin yanayi, ba a bincikarsa, ga shi kuma yana jawo dala. An bar jaki ana dukan taiki. Dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumbar 2024 ya cinye Maiduguri, bayan ya taɓa yi a 1994. Ruwa na Allah ne, gyaran dam kuwa aikin mutum ne, an kuma samu shekara talatin.

Wallahi ba don raha nake wannan rubutun ba. Ina tsoron abin da ke tafe, domin zafin ƙaruwa yake, mutane ƙaruwa suke, gona kuwa ba ta haihuwa. Ƙanin babana shekara uku ke nan bai taka gonarsa ta daji ba, kuma ruwa na sauka a kanta kowace damina, ciyawa har wuya. Ba abin da ya fi wannan ci min rai.

Af, tunda an ambaci Baga: jiya Inna ta aike ni sayen banda, kifi huɗu ƙanana mai shagon ya faɗi kuɗin da sai da na sake tambayarsa. Wai kuma ba ma na tafkin ba ne. Duk mai tahowa daga Haɗeja ko Gashuwa cikin satin nan ya yi min magana ta akwati, tsohuwa ta ce miyar kuka ba ta shiga sai da shi.