Kuɗin lafiyarmu: wa ake ba lissafi?

Jama'ar Damagaram, ku ba ni kunne, maganar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Cikin damina na kai ɗiyar ƙanwata wata ƙaramar likita, jikinta zafi rau. Aka soki yatsa, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Majo, shugaban likitar, ya miƙo mini takarda ya ce: "Malam, ka yi haƙuri, magani ya ƙare, sai farmasi." Na biya jika biyu da rabi. A bencin da muka zauna akwai wata mata da ta zo daga ƙauye a amalanke, ita ma irin takardar aka ba ta. Ta ninke ta, ta ɗaure a bakin zane, ta goya ɗanta ta fita. Har yau ina tunanin yaron nan.

Tun 2006 hukuma ta ce kula da yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta ne. Maganin zazzaɓi, abin gwajin jini da gidan sauro kuwa, kaso mai yawa daga Global Fund yake fitowa, asusun da aka kafa a 2002 mai cibiya a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan. Allurar rigakafi kuma Gavi, wata ƙungiyar duniya, ke tallafa mata. To ina abin yake maƙalewa tsakanin Yamai da bencin nan?

Kada wani ya ce ba a bincike. Ana yi. Masu binciken Global Fund ne suka tono rasit na ƙarya a Mali da Muritaniya, har ministan lafiya na Mali ya sauka a 2010, Jamus kuma ta dakatar da gudummawarta a 2011. Nan gida ma, a 2013 an kama likitoci kan kuɗin Gavi. Amma duk wannan lissafin sama yake tafiya. Majo ya cika takarda ya aika gunduma, gunduma ta aika jiha, jiha ta aika Yamai, daga can sai Janeba, cikin Faransanci ko Ingilishi. Wanda ya ba da kuɗi shi ake yi wa bayani. Uwar da aka karɓo kuɗin da sunan ɗanta, ba wanda ya taɓa gaya mata kwali nawa aka sauke.

Kuma duk mun san ranar zuwan baƙi masu duba aiki. An sanar tun mako guda, an share fili, an yayyafa ruwa, kanta ta cika. Motoci farare su tsaya awa ɗaya, a duba rajista, a ɗauki hoto, su tada ƙura su tafi.

Ban ɗora laifin kan ma'aikatan lafiya duka ba, Allah ya gani. Da yawansu na aiki dare da rana, kuma kuɗin maganin kyautan nan da ya kamata baitulmali ya mayar musu yakan yi jinkiri ƙwarai, to da me za su sake saro magani? Sai dai abincin yara masu tamowa da muke gani a teburin mai kanti ba da ƙafarsa ya je can ba. Mai saye ma na da kamasho a zunubin.

Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi. Duk kayan da aka sauke, a rubuta a allo bakin ƙofa da Hausa, boko da ajami: ranar zuwa, yawansu, da wanda kyauta ne. Gidajen rediyon Magarya, Mirriya da Matamaye su karanta shi duk wata. Kwamitin kula da likita kuma mutanen gari su zaɓe shi a bainar jama'a, a sa mata ciki, tunda su ke kwana da yaran.

Tun da Amurka ta yanke tallafinta a farkon 2025 kuɗin ma sun ragu. Ni dai ranar taron kwamitin unguwarmu zan je, in nemi a nuna mini littafin shigar magani. Wanda zai raka ni ya yi magana.