Maɗigar jariri ba ciwo ba ce

Har yau akwai gidajen da in an ga maɗigar jariri tana bugawa, ko ta loɓa, sai a ce ƙashin kansa ne ya ƙi haɗuwa, a kwaɓa magani a shafe wurin. Tsoron iyaye ba laifi ba ne, amma yana damuna ƙwarai yadda wannan fahimta ke jawo jinkirin zuwa asibiti.

Ƙasusuwa 22 ne a ƙoƙon kan babban mutum, 8 daga ciki ke kewaye ƙwaƙwalwa. A jariri ba su gama haɗewa ba, domin kai ya iya matsewa wajen haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta samu filin girma. Tantani mai ƙarfi ne ya rufe giɓin da ke tsakaninsu, wato maɗigar, motsin da ake gani kuwa bugun jini ne. Maɗigar ƙeya takan rufe cikin wata 2 zuwa 3, ta gaba galibi tsakanin wata 12 da 18.

Ga yaro ya kwana biyu yana gudawa, maɗiga ta loɓa, idanu sun zurma, fitsari ya ragu. Ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa. A ci gaba da ba shi nono da ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti. In kuwa ta kumbura tare da zazzaɓi, ana tsoron sanƙarau, kada a kwana.