Birni Yakan Fara Mutuwa Ne Daga Famfo

Duk sa'ad da rikici ya ɓarke a wani birni, tambayar farko ita ce mutum nawa aka kashe. Ta dace a yi ta, sai dai alƙaluman da ake bayarwa na waɗanda harsashi ya samu ne kawai. Wanda ya cika bayan wata uku saboda famfon unguwarsu ya ƙafe, ba mai saka shi a lissafi.

Mutumin ƙauye in abu ya ɓaci yana da rumbu, yana da rijiya. Na birni kuwa rayuwarsa a rataye take jikin waya da bututu. Da an lalata tashar lantarki, injin turo ruwa ya tsaya. Firjin da ake ajiye allurai a asibiti ya ɗumame, mai ciwon ƙoda ya rasa inda za a wanke masa jini, banki ya rufe da kuɗin mutane a ciki. Bam ɗaya ne ya faɗa, amma gida dubu ya shiga.

A Yemen an ga wannan ƙarara. Daga ƙarshen 2016 albashin ma'aikatan gwamnati ya daina fita, ciki har da masu kwashe shara da ma'aikatan lafiya. Shara ta taru a titunan Sana'a, ruwan sha ya gurɓace, kafin 2017 ta ƙare waɗanda ake zaton sun kamu da kwalara sun kai miliyan guda. A Sarayebo kuwa, babban birnin Bosniya, da aka yi wa ƙawanya daga 1992 zuwa 1996, ɗibar ruwa ta zama sayar da rai. Ka dubi tsohuwa ta ɗaura jarkoki a keken jarirai, tana sanɗa ta bayan gini don kada maharbi ya hango ta, ga shi layin ruwan ma ba a bar shi ba, an sha jefa masa bam. Khartum ta bi sahu tun ranar 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan: cikin 'yan makonni yawancin asibitocinta suka daina aiki, likitan da ya tsira ya kwashi iyalinsa ya yi gaba. Wa zai ga laifinsa?

Ko tarzoma ta kwana biyu tana da nata ciwon. Hukuma ta sa dokar hana fita ta awa 24, ta ce an samu zaman lafiya. Ɗan dako da mai talla, waɗanda sai sun fita ake ɗora tukunya, su ne ke biyan kuɗin wannan shirun. Ban ce kada a sa dokar ba, wani lokaci ita ce ke tare jini. Amma wanda ya rufe gari, wajibi ne ya san yadda ruwa da magani za su shiga, ya kuma bar ƙofa ga mai naƙuda.

A watan Nuwamban 2022 ƙasashe 83 suka amince a Dublin, babban birnin Ireland, da wata sanarwa ta taƙaita amfani da manyan makamai masu fashewa a inda jama'a ke zaune. Ba ta da haƙori, don ba ta tilasta wa kowa komai, kuma da yawa daga masu ruwan wutar ba su sa hannu ba. Ni da za a ji tawa, duk teburin sulhu da za a kafa a fara da sunayen injiniyoyin ruwa da na lantarki, a ba su takardar wucewa kowane shinge. Ana iya sake gina gada cikin shekara guda. Mutumin da ya san ta inda bututun garin ya bi, in ya yi hijira, da wuya ya dawo.