Saba ta ce ba ta san Kawu ba

Duk mai cike wa mutane fom ɗin neman aiki a intanet ya san a shafin ƙarshe ƙaya take. Ran nan Kawu ya zo shagonmu na Tudun Wada, bayan Kasuwar Barci, da ɗansa da takardu a leda, ya ja kujera ya zauna dab da kafaɗata. Muka shigar da suna, ƙaramar hukuma, lambar NIN, makarantu tun daga firamare, muka matse hoton fasfo har ya shiga. Na danna tura. Allo ya yi fari fat, sai 500 ɓaro-ɓaro.

"Ɗari biyar kuma? Ba yanzu na biya ka ba?"

"Ba kuɗi ba ne, Kawu. Saba ce, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta ce cikinta ya ɓaci."

Na koma baya, sai ga shafin farko wayam, yana tambayar sunanmu.

Abin da ke faruwa shi ne, HTTP, wato tsarin da burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) ke bi wajen magana da saba, ba ya riƙe kowa a ka, duk dannawa sabon baƙo ne kai. Shi ya sa a 1994 aka ƙirƙiro kuki a kamfanin Netscape: 'yar shaida da burauza ke nunawa, kamar katin mai gadin babura a kasuwa, kati a hannunka, babur a wajensa. To mu katinmu na nan, babur ne, wato bayanan da muka shigar, ya yi layar zana. Akwai sabobin da in kuskuren ba-zata ya faɗa wa ɓangaren da ke riƙe bayananka, sai su yar da ɓangaren da duk abin da ke cikinsa. Mai tausayin talaka yakan adana kowane shafi a rumbun bayanai kafin a wuce gaba. Wanda ya gina wannan dai, Allah ya shirye shi.

Muka sake daga Bisimilla. Muna tsakiya aka kira Azahar, Kawu ya tafi masallaci da ledar takardun a hammata. Sabobi da yawa kuwa minti 20 suke jiran mutum, shi kuma gaisuwarsa ta ƙofar masallaci kaɗai ta fi haka. Ya dawo, saba ta ce lokaci ya ƙare, mu sake shiga.

Kawu ya gyara hula, ya matso da fuskarsa jikin allo.

"To kalle ni da kyau, 'yar nan. Ni ne dai na ɗazu."