Nas ɗin ƙaramin asibiti ba ƙarfe ba ce

Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji ana yabon jaruman korona a wajen taro, domin na san su wa ake nufi: manyan likitoci da ma'aikatan cibiyoyin killacewa, waɗanda aka riƙa nunawa a talabijin sun rufe jiki ruf. Sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. Amma mai zazzaɓi da tari a Rigasa ko Tudun Wada ko Hayin Banki, ina ya fara zuwa? Ƙaramin asibitin unguwa. Wa ya taɓa goshinsa, ya ɗaura masa ƙarin ruwa tun ba a san abin da ke damunsa ba? Nas ce, ko ungozoma. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, an kuma yi ta alfahari da gyara asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. To, gini yana karɓar haihuwa ne? Da aka sa dokar kulle a ƙarshen Maris na 2020, har gwamnan lokacin, Nasir El-Rufai, ya sanar da cewa ya kamu, kowa ya shige gida ya ja ƙofa. Ma'aikatan lafiya kuwa aka ce su fito. Babu a-daidaita-sahu, babu acaɓa. Yayata nas ce a wani ƙaramin asibiti a bayan gari. Da ƙafa take tafiya, ga azumi a baki, ga zafin Afrilu, a kowane shinge sai ta ciro katin aiki ta yi bayani kamar mai laifi.

Abin da idona ya gani a gidanta ba zan manta ba. Takunkumin da ake sawa sau ɗaya a yar, shi take wankewa ta shanya a igiya don ta sake ɗaurawa gobe. Safar hannu da kuɗinta take saya. In ta dawo ba ta shiga ɗaki sai ta tuɓe kayan aiki a zaure ta zuba a bokiti. Ƙaramar ’yarta ta rugo tana "Umma oyoyo", ita kuwa sai ta ja da baya ta ce, "Tsaya nan, kar ki taɓa ni sai na yi wanka." Yarinya ta fashe da kuka, uwa ta shige banɗaki tana nata kukan. Na ce, "Yaya, ki nemi hutu mana." Ta ce, "In na huta wa zai yi wa mata awo? Mu biyu ne a ɗakin haihuwa, dare da rana."

Sannan ga tsangwama. Maƙwabciyar da yayata ta karɓi haihuwar ’ya’yanta ta hana yaran shiga gidan yayar tawa. A asibiti kuma wasu su zo suna zagi, wai korona ƙarya ce, wai ma'aikatan lafiya ne ke cin kuɗi da ita.

Wane kuɗi, don Allah? Alawus ɗin haɗari da aka daɗe ana biyan ma'aikatan lafiya a ƙasar nan har zuwan korona naira 5,000 ne a wata. A tsakiyar annobar kuma aka zo da yankan kashi 25 cikin ɗari na albashin ma'aikatan jiha masu ɗaukar naira 67,000 zuwa sama, da sunan gudummawa, har da na ma'aikatan lafiya. Wanda ya ba da jikinsa, a ce kuma ya ba da albashinsa! Da suka shiga yajin aikin gargaɗi a watan Mayu, barazanar kora suka samu. An sanar da ƙarin alawus, gaskiya ne, amma mafi tsoka ga masu cibiyar killacewa ya tafi.

Da rigakafi ya iso a Maris na 2021, ma'aikatan ƙananan asibitoci dai aka ɗora wa, suna lallashin masu tsoron allura, a kan aikin awo da rigakafin yara da bai taɓa tsayawa ba. Ba wanda ya zaunar da su ya tambayi yadda suke barci. Yayata har yau in ta ji tari mai ƙarfi sai gabanta ya faɗi. Bayan korona an yi amai da gudawa, an yi mashaƙo a Kafanchan a 2023, zazzaɓin Lassa kuwa duk rani yana nan.

A ɗauki ƙarin ma'aikata, nas ɗaya ta daina kwana ita kaɗai da mai naƙuda da tocilan waya. A ajiye takunkumi da safar hannu a kowane ƙaramin asibiti tun kafin annoba ta zo, a haɗa musu ruwa da wuta. A sa wanda zai riƙa duba lafiyar ƙwaƙwalwarsu. Albashinsu kuma, kowace irin masifa ta zo, kar a sake taɓa shi.